Gangarar Asibiti

Litinin, da yamma

Sitiyari ya sake yi min rawa a gangarar asibiti. Ba tunanina ba ne, kamar yadda na yi ta faɗa wa kaina makon jiya. Ina taka birki sai matakin ya riƙa bugun tafin ƙafata, dum, dum, dum, kamar akwai mai ƙwanƙwasawa daga ƙasa, sitiyarin kuma yana karkarwa a hannuna. In na ɗaga ƙafa sai ya daina. To amma gangarar doguwa ce, tun daga kan tudu har bakin ƙofar asibitin, ba yadda za a yi mutum ya sauke ta ba birki.

Motar maigidana Malam ce. Shi ya koya min tuƙi tun yara suna firamare, da na iya kuma ya hana ni makulli. Wai ina tuƙi kamar ina kan keken ɗinkina, in ja, in tsaya, in ja. Yanzu ga makullin a jakata, da na ƙofar gida, da wani ƙarami da ban san na mene ne ba. Ba kuma wanda zan tambaya.

Yau a gadon asibiti ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Na goge masa baki, na ba shi labarin maƙwabciya da kajinta. Ban yi masa maganar mota ba.

Talata, da rana

Babba ya kira daga can ƙasar da yake aiki. Muryarsa takan iso a makare, sai mu yi ta katse juna.

"Umma, ki ajiye motar nan ki riƙa hawa tasi."

"Sau biyu a rana? Da kwanuka da zannuwan gado? Wane mai tasi ne zai jira ni?"

"To ki samu direba."

Na ce to. Ya ce yana nan yana neman hutu a wurin aiki. Na ce to.

Auta ma ta kira daga garin mijinta. Cikinta ya tsufa, likitanta ya hana ta doguwar tafiya. Ta yi ta kuka a waya har sai da na koma ni nake rarrashinta. Na ce mata babanta yana samun sauƙi. Ta ce in ba shi wayar su gaisa. Na ce barci yake.

Laraba, da magariba

Na ɗebo kofi biyu na ajiye a kan tebur. Sai da na zuba ruwan zafi a na biyun na tuna.

Alhamis, da yamma

Na fita da niyyar kai motar wurin Dogo bakanike. Abokin Malam ne tun suna samari, ba wanda ya taɓa kwance noti ɗaya a motar nan in ba shi ba. Na isa har bakin garejin. Na hango bencin da Malam yake zama ran Asabar suna gardamar ƙwallo, wani ya ɗora tsohon batir a kai. Na san abin da Dogo zai fara tambayata. Ban tsaya ba.

Akwai wani sabon gareji kusa da gidan mai, can na kai ta. Mai wurin ya zagaya da ita sau ɗaya ya dawo.

"Mama, faifan birki ne ya lanƙwashe, na gaba duka biyun. Sababbi za a sa, da takalman birki."

Faifan shi ne ƙarfen nan mai kama da faranti da ke bayan taya, takalman kuma su ne suke matse shi in an taka birki. Na gani da idona da suka cire tayar. Sun yi aikin da wata bindigar iska mai ƙara, firr, firr, kafin in gama amsa saƙon Auta har sun sauke motar. Na ce akwai abin da zan kiyaye? Ya ce, "Ba komai, Mama, ki tuƙa abinki kawai."

Juma'a, da yamma

Lafiya lau ta sauka gangarar, shiru kamar ba ita ba. Na yi murnar da ta fi ƙarfin abin. Na shiga ɗakin ina cewa, "Malam, na gyara maka birki, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni." Gefen bakinsa na hagu ya motsa. Na daman yana nan yadda yake.

Wata nas mai tabarau ta ce in ci gaba da yi masa hira, yana ji.

Asabar, da rana

Likita ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, ya rufe ƙofa, ya faɗi abin da ya faɗa. Ba zan rubuta ba.

Da zan fita ya tambaye ni, "Wa ke gida tare da ke?"

Na yi ta kallon kalandar da ke bayansa.

Lahadi, da safe

Ban san me ya sa ba, jiya da na koma da yamma na kasa shiga kai tsaye. A ƙasan gangarar, kafin ƙofa, akwai wata inuwa jikin katanga. Na ja na tsaya a nan. Ban kashe mota ba. Ƙafata tana kan birki, na danne shi iya ƙarfina kamar motar za ta gudu da ni, hannuna biyu a kan sitiyari. Mutane suna wucewa da kwanduna da filo. Na zauna har numfashina ya daidaita, sannan na shiga.

Talata, da hantsi

Makarantar da nake wa ɗinkin kayan ɗalibai sun aiko suna tambaya. Na zauna a kan keke na haɗa hannun riga uku, biyu a juye. Na warware.

Gidan nan yana da ƙara iri-iri da ban taɓa ji ba. Firiji, famfon banɗaki, ƙofar ɗakin Babba da iska ke turawa. Ashe rediyon Malam ne yake rufe su duka.

Na tsaya a inuwar jiya da safe, na tsaya da yamma. Yau ma na tsaya.

Laraba, da yamma

Maigadin asibiti ya leƙo ta gilashi.

"Hajiya, lafiya dai? Kullum sai kin tsaya a nan."

"Lafiya lau. Waya nake jira."

"To. Amma kamar ƙauri nake ji daga ƙafar motarki."

Ni ma na ji. Wani wari kamar an bar dutsen guga a kan tsumma.

Alhamis

Likita ya sake maganar. Ya ce abin da za su iya yi a nan sun yi, sauran na gida ne. Ya yi maganar gado mai ƙarfe a gefe, da keken guragu, da juya shi lokaci-lokaci saboda gyambo. Na ce a ba ni lokaci.

Asabar, da yamma

Bugun ya dawo. Kaɗan ne, can ƙasa-ƙasa, amma ƙafata ta san shi.

Litinin, da rana



Da safe ina tsakiyar gangara wata motar ɗaukar kaya ta ci birki a gabana, wata mata ce ta tsallaka da yaro a hannu. Na taka nawa. Sitiyarin ya riƙa fizgar hannuna, matakin yana harbin ƙafata, sai na tsorata na ɗaga, na sake takawa. Na tsaya har ina iya karanta ƙananan rubutun da ke jikin lambar motar. Direban bai ma san an yi ba, ya ja ya tafi.

Abin da ya zo min a rai ba mutuwa ba ne. Cewa na yi, in aka kwantar da ni a wani ɗakin, wa zai kai masa ruwan zafi?

Gobe wurin Dogo, ko me zai tambaya.

Talata, da yamma

Yana ƙarƙashin wata mota na iso, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya gane ƙarar injin tun kafin ya fito.

"Amarya! Yau ke ce da kanki? Ina mutumin? Ya tafi ganin Auta bai ko yi sallama ba, ko?"

Tun ranar da aka kawo ni gidan Malam yake ce min Amarya, ga shi har na yi furfura bai daina ba.

Na faɗa masa. A tsaye, a tsakiyar gareji, da jaka a hannu. Na ce ya faɗi a banɗaki da safe, na ce ɓarin dama, na ce ba magana. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina ba ta waya ba.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa.

Ya ɗauki tsumma ya yi ta goge hannunsa, ya goge, ya sake gogewa, hannun da ba zai taɓa fita ba. Ya ce, "Kuma ba a gaya min ba." Ba faɗa ya yi ba. Na gwammace a ce faɗan ya yi. Ya juya min baya ya daɗe yana neman wani abu a cikin akwatin sifana, sannan ya ce, "Me motar take yi?"

Ya ɗaga ta a jak ya cire taya. Notin farko sai da ya hau kan sifana da ƙafa kafin ya motsa, na kusa da shi kuwa da hannu ɗaya ya kwance. Ya girgiza kai. Ya ce in aka ɗaure wani noti tamau aka bar wani sako-sako, faifan ba zai zauna daidai ba. Ya kafa wani ɗan agogo mai allura a jikin faifan, ya juya shi a hankali da hannu. Allurar ta riƙa kai da komo.

Da ya zare faifan ya kira ni in gani. Wurin da faifan yake zama duk tsatsa ce, ja, ɓaro-ɓaro. Sabon faifai aka ɗora a kan tsohuwar tsatsa.

"Kamar ki shimfiɗa sabon yadi a kan tebur mai tsakuwa ki ce za ki yanka," in ji shi. "Ɗan karkacewar da ido ba ya gani, ƙafa za ta ji shi."

Na ɗauka shi ke nan. Sai ya juya faifan wajen haske. A fuskarsa akwai wani tabo baƙi-baƙi mai siffar takalmin birki sak, kamar an ɗora an zana. Ga wani kusa da shi, ga wani.

Ya ce mutane suna cewa faifai ya lanƙwashe, amma sau da yawa ba lanƙwasa ba ce. In birki ya yi zafi sosai aka tsaya cak aka danne shi, takalmin yakan bar jikinsa a wuri ɗaya a kan faifan. Wurin sai ya fi sauran kauri. Duk zagayowa sai takalmin ya yi tuntuɓe da shi, shi ne bugun da nake ji.

"Akwai gangara a hanyarki?"

"Ta asibiti."

"Kina sauka da ƙafa a kan birki tun daga sama?"

"E."

"In kin sauka kuma?"

Na gyara riƙon jakata.

"Amarya, me kike yi a ƙasan gangarar?"

"Tsayawa nake."

"Da ƙafa a kan birki. Har tsawon wane lokaci?"

"Har sai na ji zan iya shiga."

Bai dube ni ba. Ya shafa tabon da babban yatsansa. Can ya ce, "To ki ci gaba da tsayawarki, ba wanda ya hana ki. Amma ki ja birkin hannu, ki ɗaga ƙafarki. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Laraba, da yamma

Motar tana gareji. Dogo ya kai faifan wurin mai inji a share fuskarsu, ya ce sababbi ne, suna da kaurin da za su jure. Takalman kuwa sun ƙone, sun yi santsi kamar gilashi, sai an canja.

Na hau bas. Biyu na hau, na ƙarasa da ƙafa, kwanuka a hannu. Na makara. Na tarar Malam ya juya fuska wajen bango, bai juyo ba har na tafi. Nas mai tabarau ta ce tun da lokaci ya yi yake kallon ƙofa.

Alhamis, da rana

Dogo ya je asibiti. Ya sa farar riga, ya yi aski, da ƙyar na gane shi. Ya shiga da fara'arsa yana cewa, "Kai, malalaci, tashi, ƙungiyarka ta sha kashi." Malam ya dube shi, bakinsa ya yi ta motsi, ba abin da ya fito sai iska. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya.

Dogo bai yi minti biyar ba ya fita. Na same shi a baranda ya dafa bango.

"Ba zan iya ba, Amarya. Ki yafe ni. Motar zan iya."

Ban ji haushinsa ba. Na koma ciki na zauna a kujerata.

Juma'a

Babba ya ce ba a ba shi hutun ba, sai wata mai zuwa. Ya turo hoton wani gadon asibiti ya ce in zaɓi launi.

Asabar, da yamma

Na je na zauna a gareji na ga yadda Dogo ya mayar da komai. Ya kankare tsatsar da burushin ƙarfe har wurin ya yi fari. Ya wanke faifan da wani ruwa mai wari, ya ce ko maiƙon yatsa ba a so a kai. Ya sake kafa agogon, wannan karon allurar da ƙyar take motsi. Notin tayar kuma bai bi su a jere ba, yana ɗaure wannan sai ya tsallaka na gabansa, kaɗan-kaɗan, da wata doguwar sifana da ke yin ƙas in noti ya kai.

Na miƙa hannu in karɓi makulli. Ya ce a'a, saura aiki ɗaya, kuma ni zan yi shi.

"Sabon takalmi da sabon faifai ba su san juna ba. Sai an zaunar da su. Gobe da safe ki zo, hanya ba kowa."

An ɗauke batirin daga kan bencin. Ban zauna a kai ba, shi ma bai ce in zauna ba.

Lahadi, da rana

Mun tafi hanyar bayan masana'antu, miƙaƙƙiya, ba kowa sai wani mai keke. Dogo yana gefena a kujerar da na saba zama, gwiwoyinsa sun tokare gaba.

Ya ce in kai gudu sittin, in taka birki da ɗan ƙarfi, ba na tsoro ba, ba kuma na lallaɓa ba, har gudun ya sauko kamar na mai tafiya da sauri. Sannan in saki in sake ɗaukar gudu. Sharaɗi ɗaya, kada tayar ta tsaya cak.

Na farko na lallaɓa. Ya ce, "Ba ƙwai ne a ƙarƙashin ƙafarki ba, taka." Na biyu na taka har hularsa ta faɗo. Ya ce, "Ban ce ki kashe ni ba." Daga na uku na gane. In ɗauka, in taka, in saki. In ɗauka, in taka, in saki. Yana ƙirgawa da yatsu. Wajen na takwas wari ya fara shigowa, na dube shi, ya ce haka ake so. Zafin ne yake sa takalmin ya shafa jikinsa a kan faifan siriri, ko'ina daidai, ba a wuri ɗaya ba. Mun yi goma.

"Yanzu ki tafi kawai. Kada ki taɓa birki, kada ki tsaya. Iska ce za ta huce shi."

Muka sauke gilashi. Hanya ta miƙe, masana'antu suka ƙare, sai fili. Ba abin yi sai riƙe sitiyari.

Sai ya fara ba ni labarin ranar da Malam ya sayo motar nan, yadda ya kawo ta gareji ya hana kowa jingina da ita, har ya shimfiɗa jarida a ƙasa kafin Dogo ya shiga. Ya ce, "Kin san abin da ya ce min? Wai in ya tsufa ke za ki riƙa tuƙa shi yana zaune yana ba da umarni. Na ce ai ka hana ta makulli. Ya ce yana tanadin ta ne."

Tun ranar da abin ya faru ban yi kuka ba, ko a banɗakin, ko a ofishin likita. Sai yau, a kan hanya, da gudu hamsin. Hanyar ta dushe a idona, na kai ƙafa wajen birki.

"Kada ki tsaya, Amarya. Hanya ba kowa, ina kallo miki. Yi abinki, amma kada ki tsaya."

Haka na yi ta tafiya ina yi, yana riƙe da gefen sitiyari da yatsa biyu, yana kallon gaba. Har muka kai wata gada muka yi kwana a hankali muka juyo.

A hanyar dawowa ya ce mu bi ta gangarar asibiti. A kan tudu ya sa na mayar da ita giya ta biyu. Injin ya yi gurnani ya riƙe motar da kansa, birkin sai dai in taɓa in saki. Mun sauka ba bugu, ba rawa, ba wari. Ya ce kwanakin nan in bi ta a hankali, ban da birkin gaggawa sai dole.

Ya sauka a bakin ƙofa ya nemi bas. Bai shiga ba.

Litinin, da yamma

Na ce wa likita Alhamis zan kai shi gida.

Talata, da rana

Gadon ya iso. Bai shiga ɗakinmu ba, ƙofar ta yi masa kaɗan, sai a falo. Na ja kujeru na jera su jikin bango, na tura keken ɗinki kusa da taga inda zan riƙa ganinsa in ina aiki. Na kawo katifata na jingine a bayan ƙofa.

Nas mai tabarau ta koya min juya shi. A naɗe masa hannu a ƙirji, a lanƙwasa gwiwa, a ja zanen da ke ƙarƙashinsa, ba shi ba. Na yi sau uku tana kallo. Yana da nauyi fiye da yadda ramarsa ta nuna. Duk lokacin idonsa a rufe yake. Na san kunya yake ji.

Ta ce, "Mama, ki samu mai karɓarki ko na awa biyu ne a rana, in ba haka ba ke ma za ki kwanta."

Na ce ina da mutane.

Laraba, da magariba

Na tsaya a inuwar yau ma. Na ja birkin hannu. Ban daɗe ba.

Alhamis, da yamma

Yana gida.

Dogo ya zo a kan babur ɗinsa ba tare da na kira shi ba. Shi da wani ma'aikaci suka ɗaga Malam suka sa shi a kujerar gaba, na ɗaura masa bel, na cusa filo ta ɓarin dama don kada ya zame. Dogo bai yarda sun haɗa ido ba, amma shi ya gyara masa hula. Ya ce zai biyo mu a baya.

Muka hau tudun a hankali. Ban taɓa tuƙi yana gefena ba tun zamanin koyo. Daga kan tudu hanya takan sauka ta ɓangaren gari, ba ta kai ta asibitin tsawo ba amma ta fi ta tsayi. Hankalina yana kansa, ina duba ko kansa ya karkata, ko bel ya shaƙe shi. Na manta da komai. Na ɗora ƙafa a kan birki na bar ta a nan, muna ta sauka.

Na ga ƙafarsa ta hagu tana danna ƙasan motar. Na ji yana wani gurnani a maƙogwaro, na ɗauka amai ne, na fara neman wurin tsayawa. Hannunsa na hagu ya ɗago ya bugi cinyarsa.

"Gi... giya."

Na dube shi.

"Giya!"

A fili, da muryarsa, da fushinsa duka. Na taka kuloci na mayar da ita ta biyu. Injin ya riƙe. Ya saki numfashi ya mayar da kai jikin kujera, kamar wanda ya gama wani babban aiki.

Da muka iso na faɗa wa Dogo tun kafin ya kafe babur. Ya leƙa ta gilashi, karon farko ya dubi abokinsa ido cikin ido, ya ce, "Mutumin banza. Duk maganar duniya ba ka samu ta yi ba sai wannan?"

Juma'a, da safe

Na kira Babba na ce masa babansa ya yi magana. Ya yi kabbara, ya ce me ya ce? Na ce giya ya nema.

"Umma... Baba? Giya?"

Na bar shi a haka ya ɗan jiƙu kafin na ce ta mota. Auta kuwa ta yi ta dariya har ta ce cikinta yana ciwo, in daina.

Da na ajiye wayar falon ya koma yadda yake. Lokacin juya shi ya yi, na juya shi.

Lahadi, da yamma

Bai sake cewa komai ba. Na yi masa tambayoyi, na kunna rediyo, na faɗi sunayen yara ɗaya bayan ɗaya. Yana kallona kawai.

Likita ya ce a waya hakan yana faruwa, kalma ɗaya ta fito ta koma, kada in sa rai da yawa.

Na ce to. Na riga na sa.